Yaushe za ka dunƙule komit ɗin masu ba da gudummawa, yaushe za ka bar su yadda suka zo

Wani ya turo maka PR, wato roƙon a haɗa gyaran da ya yi cikin kod ɗin aikinku, ka buɗe, aikin ya yi kyau, gwaje-gwaje duk sun wuce, sai ka leƙa jerin komit ɗinsa, wato canje-canjen da ya adana ɗaya bayan ɗaya a tarihin aikin, ka tarar da guda goma sha huɗu. Na farko "ƙara sabon abu", na biyu "gyara", na uku "gyara kuma", can ƙasa "na manta fayil ɗaya", sai "bari mu ga ko zai yi yanzu", har da wani da ba a rubuta masa komai ba sai ɗigo ɗaya tal. Ga koren maɓalli yana jiranka a ƙasa. Yawancinmu abin da hannu ya saba dannawa shi muke dannawa, sai bayan wata shida matsala ta ɓullo sannan mu tuna ashe akwai zaɓi a wurin.

Abin da Git, manhajar da ke ajiye tarihin kod, ke kira squash ni dunƙulewa nake ce masa, wato a tattara komit da yawa a mayar da su guda ɗaya kafin su shiga babban reshe, ainihin layin kod ɗin da ake haɗa aikin kowa a cikinsa. Tambaya ɗaya ce nake yi wa kaina duk lokacin da zan haɗa aikin wani: komit ɗin nan labarin kod ɗin suke bayarwa, ko labarin wahalar da mai rubutawa ya sha? In labarin wahalarsa ne, a dunƙule. In labarin kod ne, kar a taɓa. Sauran abin da zan faɗa duk yadda za ka gane wanne ne a gabanka ne, da kuma wuraren da tambayar nan ita kaɗai ba ta isa.

Ka fara sanin me kowane maɓalli yake yi

A GitHub, shafin da ake ajiye kod a turo PR, zaɓi uku ne. Create a merge commit shi ne na asali, yana shigar da duk komit ɗin mutumin yadda suke da lambobinsu (kowane komit yana da lambar da ake gane shi da ita), sannan ya ƙara wani komit ɗaya mai iyaye biyu wanda ya ɗaure reshen da babban reshe. Squash and merge, wanda aka kawo a 2016, yana ɗaukar jimillar canjin ya yi sabon komit ɗaya mai uba ɗaya, kamar dai kai ka zauna a kan babban reshe ka rubuta komai lokaci guda. Rebase and merge, shi ma a 2016 ya zo, yana jera komit ɗin ɗaya bayan ɗaya a saman babban reshe ba tare da komit na haɗewa ba, amma kowanne sai ya sami sabuwar lamba. A GitLab kuwa, wani shafi irin GitHub, dunƙulewar wani ɗan akwati ne da ake sa wa alama, mai aikin yana iya hana shi gaba ɗaya, ko ya bari, ko ya sa ya zo da alamar tun farko, ko ya wajabta.

Abin da mutane ke mantawa shi ne dunƙulallen komit ba shi da wata alaƙa da reshen da ya fito a idon Git. Abin da ke cikin fayilolin iri ɗaya ne, amma tarihin bai san an haɗa ba. Shi ya sa in ka je goge reshen da `git branch -d` zai ƙi, ya ce maka ba a gama haɗa shi ba, sai ka sa babban `-D`. Ka riƙe wannan, don rabin rigimar da za mu zo kanta daga nan take tasowa.

Mataki na farko: sauko da PR ɗin kwamfutarka

Shafin PR yana nuna maka jimillar canji ne, kuma yawancin masu bita a nan suke tsayawa. To wanda bai karanta komit ɗaya-ɗaya ba ai ba shi da bakin cewa a bar su ko a dunƙule su. Sauko da shi:

`git fetch origin pull/123/head:pr-123`

`git log --reverse --stat main..pr-123`

Lamba 123 misali ce, ka sa ta PR ɗinka. Ka bi jerin daga na farko zuwa na ƙarshe, ka lura da fayilolin da kowanne ya taɓa. In ka ga fayil ɗaya yana ta dawowa, komit na uku ya rubuta layi, na biyar ya goge shi, na bakwai ya dawo da shi da wani suna, to wannan mutum ne yana tunani a fili, babu laifi, haka kowa yake aiki, amma babu wanda zai amfana da shi nan gaba. Haka in ka ga komit irin su "amsa bita", "gyara abin da aka ce", ko komit uku huɗu na haɗo babban reshe cikin nasa don kawai ya kama zamani. Duk alamun a dunƙule ne.

In kuwa ka ga na farko ya matsar da fayil zuwa wani wuri bai canza komai a ciki ba, na biyu ya ƙara gwaji, na uku ya yi ainihin gyaran, kowanne da bayaninsa na sakin layi ɗaya ko biyu mai faɗin dalili, to mutumin nan ya zauna ya tsara ne, wataƙila ya fi awa ɗaya yana yi, danna Squash a kan irin wannan ɓarna ce.

Mataki na biyu: gwada ko kowane komit yana tsayuwa da ƙafarsa

Kyan saƙo ba ya isa. Na sha ganin jerin komit masu kyawun suna amma na tsakiya ko ginuwa ba ya yi, saboda ya kira wani abu da sai a komit na gaba aka rubuta shi. Ga yadda za ka gane, ka yi a kan kwafin reshen don kar ka ɓata na asali:

`git switch -c gwaji pr-123`

`git rebase --exec "make test" main`

Ka sauya `make test` da duk abin da aikinku yake gudanar da gwaji da shi. Git zai ɗora komit ɗaya, ya yi gwaji, ya ɗora na gaba, ya sake yi, duk inda ya faɗi nan zai tsaya ya nuna maka. Injin gwajin da ke kan PR yawanci kan reshen kawai yake dubawa, wato yanayin ƙarshe, don haka koren alamar da ka gani ba ta ce komai a kan na tsakiya ba.

Dalilin da ya sa na damu da wannan shi ne `git bisect`. Ranar da aka ce maka wani abu yana aiki a fitowar bara amma yanzu ya daina, kuma ba wanda ya san me ya karya shi, bisect ne zai cece ka: ka nuna masa komit mai kyau da marar kyau, ya riƙa raba tsakaninsu biyu yana tambayarka, komit dubu a gwaji kamar goma ya kai ka kan mai laifin. Amma fa sai in kowane komit da ya ajiye ka a kai yana ginuwa. In rabinsu a karye suke za ka yi ta `git bisect skip`, a ƙarshe ya ce maka laifin yana cikin ɗaya daga cikin waɗannan bakwai, ka je ka nema. Dunƙule irin waɗannan ya fi alheri nesa ba kusa ba, komit ɗaya mai aiki ya fi bakwai guragu.

Amma abin yana da ɗaya gefen, kuma shi ne wanda ya taɓa cizona. Akwai wani aiki da nake taimakawa wajen kula da shi, wani ya kawo PR babba, ya sake fasalin yadda ake karanta fayil ɗin saiti, ya raba wani ƙaton fayil gida uku, a ciki kuma ya gyara wata 'yar matsala ta kwanan wata. Komit tara ne, a tsare tsaf. Dare ya yi, na gaji, hannu ya saba, na danna Squash. Bayan 'yan watanni wani ya kawo ƙorafi wai saitinsa ba ya karantuwa in akwai layin da babu komai a ƙarshen fayil. Na kunna bisect ina murna, minti kaɗan ya kawo ni kan mai laifi, ina dubawa sai ga dunƙulallen komit ɗin nan, layi wajen dubu biyu, fayil ashirin da wani abu. Allura cikin ruwa. Da na bar su tara ɗin da ya ajiye ni a kan komit mai layi talatin. Sai da na koma tsohon PR na sauko da reshen na sake bisect a cikinsa, Allah ya taimake ni GitHub yana ajiye komit ɗin PR ko an goge reshen, amma da a ce aikin ya ƙaura zuwa wani wuri da shi ke nan.

Kuma ba nan ta tsaya ba. Git ba ya rubuta cewa an matsar da fayil, ƙiyasi yake yi, in tsohon da sabon sun yi kama da aƙalla kashi 50 cikin ɗari sai ya ce fayil ɗaya ne aka canza wa suna. Mutumin ya san haka shi ya sa ya ware matsarwa daban gyara daban. Da na cakuɗa su kamannin ya faɗi ƙasa da haka, `git log --follow` ya daina bin tarihin fayil ɗin, `git blame` kuma, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, ya ɗora layukan da aka rubuta shekaru da suka wuce a kan komit ɗin jiya. Garin neman gira na rasa ido.

Mataki na uku: ƙirga abubuwa nawa PR ɗin yake yi

Ka gwada faɗin abin da PR ɗin ya yi a jimla ɗaya. In ka iya ba tare da ka ce "sannan kuma" ba, abu ɗaya ne, dunƙulewa ba za ta cutar ba ko da komit ɗin ashirin ne. Gyaran rubutu a takardun bayani, sabunta lambar wani laburare, ƙaramin gyara da gwajinsa, duk ba sai an tsaya dogon tunani ba, danna ka wuce.

In sai ka ce "ya gyara kaza, sannan kuma ya sake tsara kaza", ka dakata. Ka tuna ranar janyewa. Dunƙulallen komit daɗin janyewa gare shi, `git revert` da lambarsa shi ke nan, amma komai da komai zai tafi, har gyaran da kake so ya zauna. Ka tuna kuma ranar da za a kai gyara tsohon reshe. Aikin da yake kula da fitowa biyu ko uku a lokaci guda yana ɗaukar gyara da `git cherry-pick -x` ya kai wa tsofaffin, in gyaran ya narke cikin sabon fasalin da ba a so a tsohon reshe sai ka zauna kana tsince shi da hannu. CPython, wato ainihin Python, tun da suka koma GitHub a 2017 dunƙulewa suke yi, kuma yana yi musu daidai saboda PR ɗaya gyara ɗaya ne, komit ɗaya sai a ɗauke shi cak a kai tsofaffin rassa. Ka ga dunƙulewar tana aiki ne saboda an riga an hana PR ɗaukar kaya biyu.

Wani abu da ya kamata ya zauna shi kaɗai ko da yaushe shi ne gyaran tsarin rubutu, irin wanda ake sakin na'ura ta daidaita tazara da baka a fayil ɗari. Tun Git 2.23 akwai `git blame --ignore-revs-file`, kana zuba lambobin irin waɗannan komit a fayil mai suna `.git-blame-ignore-revs` in ka nuna masa fayil ɗin sai blame ya riƙa tsallake su, GitHub ma yana karanta fayil ɗin. In ka dunƙule shi da gyara na gaske ba ka da yadda za ka tsallake ɗaya ka bar ɗaya.

Mafi yawan lokuta amsar PR mai kaya biyu ba ta cikin maɓallan nan uku, ka roƙi mai shi ya raba shi PR biyu ne kawai.

Mataki na huɗu: duba sunayen da ke kan aikin

Nan wurin mutane suke jin ciwo, don da yawan masu ba da gudummawa ba biyansu ake ba, sunan nan da ke cikin tarihi shi ne ladansu. Ka gudanar da wannan:

`git shortlog -sne main..pr-123`

In mutum ɗaya ne babu damuwa, GitHub zai sa wanda ya buɗe PR a matsayin marubucin dunƙulallen komit. In biyu ne ko uku, komit ɗaya marubuci ɗaya yake ɗauka, sauran sai dai a sa su a ƙasan saƙo da layin `Co-authored-by:` da suna da imel. GitHub yakan zuba layukan da kansa a akwatin saƙo, matsalar ita ce mai haɗawa yakan share akwatin gaba ɗaya don ya rubuta nasa, sai ya tafi da sunayen mutane bai sani ba. Kuma ko layin yana nan, blame sunan mutum ɗaya zai nuna. Saboda haka in mutum biyu kowa ya rubuta ɓangare mai kauri, ni na fi son a bar wa kowa komit ɗinsa.

In da hannu kake yi a kwamfutarka ka ƙara kula. `git merge --squash pr-123` ba ya yin komit, shirya canjin kawai yake yi ya bar maka, in ka buga `git commit` haka nan sunanka ne zai hau aikin wani. Sai ka ƙara `--author` da sunansa da imel ɗinsa yadda suke a komit ɗinsa.

Sai ayyukan da suke bin DCO, inda kowane mai gudummawa yake sa layin `Signed-off-by:` don shaida cewa yana da ikon ba da kod ɗin. Daga kernel ɗin Linux abin ya faro a 2004, ayyuka da yawa sun ɗauka. Layukan nan dole su tsira cikin dunƙulallen saƙo, na kowa da kowa. Sa hannu na makullin GPG ko SSH kuwa, wato hatimin na'ura da ke tabbatar da wanda ya yi komit, ba ya tsira ko ta yaya, tunda sabon komit ne, wanda za ka gani a kai na GitHub ne ba na marubucin ba. Ribes, wato sake dasa komit a saman wani reshe kamar yadda Rebase and merge ke yi, shi ma yana zubar da shi. Aikin da ya damu da sa hannun ainihin marubuci haɗewa ta asali ce kawai za ta yi masa.

Mataki na biyar: akwai wanda ya yi gini a kan reshen nan?

Ka tuna na ce Git bai san an haɗa dunƙulallen reshe ba. To a ce mutum ya buɗe PR na farko daga `reshe-a`, bai jira ba ya cire `reshe-b` daga kansa ya ci gaba da aiki. Ka dunƙule na farko. Yanzu PR na biyu zai nuna duk tsofaffin komit na farkon kamar sababbi ne, ga karo ta ko'ina a layukan da shi da kansa ya rubuta. Maganin ba wuya in an sani:

`git fetch origin`

`git rebase --onto origin/main reshe-a reshe-b`

Ma'anarsa a ɗebo komit ɗin da ke `reshe-b` waɗanda babu su a `reshe-a` a dasa su kan babban reshe. Amma sabon shiga ba zai san wannan ba, zai yi ta fama har ya gaji ya bar aikin, don haka in ka dunƙule ka rubuta masa layin a PR ɗin kafin ya tambaya. Haka wanda ya turo PR daga babban reshen kwafinsa kai tsaye, bayan dunƙulewa nasa da naku sun rabu, duk PR ɗin da zai sake turowa sai ya jawo tsofaffin komit. Ka gaya masa ya daidaita nasa da naku, gaba kuma ya riƙa cire sabon reshe ga kowane aiki.

Inda ba na dunƙulewa sam shi ne tsakanin rassa biyu masu dogon rai, kamar reshen ci gaba da ake zubawa cikin babban reshe duk fitowa. In ka dunƙule yau, wata mai zuwa Git zai koma can tsohuwar mahaɗarsu ya fara lissafi, karon da ka warware sai ya dawo, wata na gaba ya sake dawowa da ƙari. Dunƙulewa ta reshen da za a goge ne da zarar an haɗa.

Hanyar tsakiya: gyara jerin maimakon murƙushe shi

Sau da yawa PR ba ya faɗawa gefe ɗaya. Komit uku ne masu kyau, sai tarkace shida da bita ta haifar. A nan abin da ya dace shi ne tarkacen su narke cikin ukun. In mai gudummawar ya saba da Git ka ce masa ya riƙa yin gyaran bita da `git commit --fixup` da lambar komit ɗin da gyaran ya shafa, in an gama bita sai:

`git rebase -i --autosquash main`

`git push --force-with-lease`

Git zai jera kowane gyara ƙarƙashin uwarsa ya narkar da shi. A allon da zai buɗe, `fixup` yana haɗewa ya zubar da saƙon, `squash` yana haɗewa ya ba ka dama ka gyara saƙonnin biyu, `reword` saƙo kawai yake canzawa, `drop` kuma ya jefar da komit ɗin. Na ce `--force-with-lease` ba `--force` ba saboda shi yana ƙin turawa in wani ya ƙara abu a reshen ba ka gani ba.

Lokacin yin wannan yana da muhimmanci. In mutum yana sake rubuta tarihi bayan kowace magana ta mai bita, mai bitar zai rasa inda ya tsaya, maganganunsa su rataye a kan layukan da babu su. A bari sai an amince tukuna. In kuma kana so ka tabbatar ba a sako wani abu ba a wajen gyaran jerin, `git range-diff`, wanda ya zo a Git 2.19, yana kwatanta tsohon jeri da sabo komit da komit.

Amma don Allah kar ka tsare wanda wannan ne PR ɗinsa na farko a duniya ka ce sai ya yi ribes kafin ka karɓa. Mutum ya gyara maka kuskure kyauta, ka aika shi ya koyo abin da zai iya cinye masa yini guda, wataƙila ma ya goge aikinsa garin gwadawa, yawanci ba ya dawowa. Maɓallin dunƙulewa don irin wannan aka yi shi. In kuma jerin ya cancanci gyara, kuma ya bar alamar da ke ba masu kula da aiki damar taɓa reshensa, yi da kanka ka gaya masa abin da ka yi. In abu ya kwaɓe maka a tsakiya `git rebase --abort` yana mayar da kai, in ma ka riga ka gama `git reflog` yana da lambar inda ka taso.

Mataki na shida: rubuta saƙon, kar ka bar wanda na'ura ta zuba

In ka yanke shawarar dunƙulewa, saura aiki ɗaya wanda kusan kowa yake tsallakewa. Akwatin zai zo maka da taken PR a sama, ƙasa kuma jerin "gyara", "gyara kuma", "na manta fayil ɗaya". In ka bar shi haka ka kwashe sharar ne daga tsakar ɗaki ka tura ƙarƙashin gado. Goge jerin, ka bar layukan sunaye. Layin farko gajere, kusan haruffa 50, ya faɗi abin da aka yi, ka bar lambar PR da ke ƙarshensa don ita ce igiyar da za ta kai mai bincike ga tattaunawar. Tsallake layi ɗaya, sannan ka rubuta dalili: me ke faruwa kafin gyaran, me ya sa aka bi wannan hanyar, wace hanya aka gwada aka fasa. Abin da aka canza kowa zai gani a kod, dalilin ne ba ya ganuwa, kuma tattaunawar PR tana zaune ne a kan sabar wani kamfani, saƙon komit kuwa yana cikin kowane kwafi da aka sauke.

In aikinku yana fitar da lambar fitowa ko jerin canje-canje kai tsaye daga saƙonnin komit, irin tsarin Conventional Commits mai `fix:` da `feat:`, to taken dunƙulallen komit shi na'urar za ta karanta. PR mai ɗauke da canjin da zai karya wa mutane aiki amma takensa ya ce `fix:` zai fita a matsayin ƙaramin gyara. Duba taken sau biyu.

Abu biyu da ake ɗauka dunƙulewa tana magani

Mutum ya yi kuskure ya sa makullin sirri ko kalmar shiga a komit na biyu, ya goge a na uku, sai a ce ai za a dunƙule ba zai shiga tarihi ba. Babban reshe ba zai gan shi ba, gaskiya ne, amma komit ɗin yana nan a PR, duk mai so zai buɗe, ga kwafin mutumin, ga masu na'urorin da aikinsu ke nan tsintar irin wannan. Makullin da ya taɓa fita ya mutu, a soke shi a yi sabo. Inda dunƙulewa take taimako da gaske shi ne ƙaton fayil da aka sa bisa kuskure aka cire, bidiyo ko tarin abin da gini ya fitar, in ka yi haɗewa ta asali duk wanda zai sauke aikin har abada sai ya sauke shi, in ka dunƙule bai shiga ba.

Na biyu shi ne kyan gani. Wasu suna dunƙule komai ne kawai don `git log` ya miƙe kamar sanda. In wannan ne kaɗai dalilin, `git log --first-parent` yana ba ka layi ɗaya ga kowane PR ba tare da an zubar da komai ba, kuma tun Git 2.29 bisect ma yana karɓar `--first-parent`, ya fara gano PR ɗin da ya kawo matsalar, in ka ga dama sannan ka nutsa cikinsa. Farashinsa dai shi ne janye komit na haɗewa ya fi wuya kaɗan, sai ka sa `-m 1`, kuma in daga baya kana so ka dawo da reshen sai ka janye janyewar tukuna.

Rubuta dokar a inda za a gani

Kowane aiki da abin da ya karɓe shi. Kernel ɗin Linux da shi kansa Git, wanda Linus Torvalds ya fara a 2005, ba su san dunƙule jerin wani ba, ta imel ake turo gyara, kowane faci abu ɗaya yake yi kuma dole ya ginu, in an yi bita marubucin ya koma ya sake tsara jerin ya turo zubi na biyu, na uku, har a gamsu. Ayyukan da suke amfani da manhajar bita ta Gerrit, kamar Go da Android, komit ɗaya shi ne abin bita, ana ta gyara shi a wurin. LLVM kuwa dunƙulewa yake yi a PR ɗinsa na GitHub. Duka ukun abu ɗaya suke nema, kowane komit a babban reshe ya zama canji ɗaya cikakke, bambancin kawai wa zai yi wahalar tsarawa, marubuci ko maɓalli.

Ƙaramin aiki mai masu kula biyu ko uku, abin da nake yi shi ne in bar dunƙulewa da haɗewa ta asali a kunne, in kashe na ukun, wato Rebase and merge, don rage ruɗani, sannan a `CONTRIBUTING.md` in rubuta layi uku: PR ɗaya abu ɗaya, za mu dunƙule sai in ka ce a bari, in kana so a bari to kowane komit ya wuce gwaji shi kaɗai kuma ka faɗa a bayanin PR. Ka lura kuma maɓallin GitHub yana tuna zaɓin da ka yi na ƙarshe, wanda ka danna jiya shi zai tare ka yau, abin da ya kama ni ke nan a daren nan na komit tara. Yanzu kafin in danna sai na karanta rubutun da ke kan maɓallin, sannan in gangara akwatin saƙo in tabbatar layukan `Co-authored-by:` suna nan.